Kullen korona da samarinmu: me ya hana su zama a gida?

Malam Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da na daɗe ina so mu baje ta a faifai. Duk lokacin da aka tuno kullen korona na 2020, hukunci ɗaya ake yankewa: matasan Musulmi ne suka ƙi jin magana. Su suka ƙi zaman gida, su suka buɗe masallatai da ƙarfi, su aka ɗauka a bidiyo suna rera "babu korona". Ban ce ba a yi ba, an yi. Amma ku tuna yadda abubuwan suka zo a jere. Ranar 27 ga Fabrairu aka samu mutum na farko a Legas. A Kano sai 11 ga Afrilu aka tabbatar da ita. Ranar 16 gwamnatin jiha ta kulle gari, ranar 24 aka ɗauki azumi, ranar 27 Shugaba Buhari ya ƙara wa Kano kullen mako biyu. Cikin kwana 16 an tashi daga "ba ta shigo garin nan ba" zuwa babu kasuwa, babu Juma'a, babu asham, babu tafsiri.

To me ya sa da yawa daga cikin samarinmu suka ƙi bin dokar? Ƙarancin ilimin addini ne, ko yunwa ce, ko kuwa ba su yarda da masu mulki ba? Don Allah a yi magana cikin ladabi, akwai iyayenmu a nan.

Ɗan Kurna:
Wa alaikumus salam. Malam, ni adaidaita sahu nake ja, a lokacin ma ita nake ja, kuma tsakani da Allah na fita. Babu malamin da ya ce min in fita. Mashin ɗin ba nawa ba ne, balas nake kaiwa kullum, abin da ya rage shi ake ɗorawa a tukunya da yamma. Mahaifiyata da ƙannena ni suke jira. Da aka sanar da kulle an ba mutane kwana biyu su yi sayayya. Da me za mu yi ta? Mai albashi ya sayi buhun shinkafa da jarkar mai ya rufe ƙofarsa. Mu da muke awo kwano-kwano fa?

Kuma duk wanda ya yi tuƙi a lokacin ya san yadda shingayen nan suke. Kuɗi kaɗan na buɗe hanya. Wanda ba shi da su shi ake kaiwa kotun tafi-da-gidanka a ci shi tara. Idan wanda aka ajiye ya tsare dokar shi ne yake sayar da ita, yaya za a yi in yarda rayuwata ake karewa?

Ɗan Kwari:
Ɗan Kurna ka faɗi rabi, bari in cike. Ni har gobe ban gamsu da abin nan ba. An ce gawa za ta cika titunan Afirka, ina take? Duk Najeriya adadin da hukuma ta fitar bai wuce mutum dubu 3 da ɗoriya ba. Zazzaɓin cizon sauro a wata guda ya fi haka kashe mu, amma ba a taɓa rufe masallaci saboda shi ba. Sannan aka zo aka ce Litinin da Alhamis kowa ya fita sayayya daga ƙarfe 10 zuwa 4. Wanda ya ga cinkoson ranakun nan ya san ya fi na sallar Idi. Wato cutar tana shiga sahun salla na minti biyar, amma ba ta shiga turereniyar wajen masu kayan miya? Wannan tambayar ce samari suka yi ta yi, kuma babu wanda ya tsaya ya amsa musu.

Anti Nas:
Ƙanena Ɗan Kwari, bari in amsa maka, domin a ɗakin marasa lafiya na yi wannan watan.

Dubu 3 ɗin da ka ambata waɗanda aka gwada ne aka tabbatar. A Kano kuwa, daidai lokacin da mutane suka fi mutuwa a ƙarshen Afrilu, ɗakin gwajin da ake da shi ya tsaya da aiki na kwanaki. Mutum ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, wa ya gwada shi? Shi ya sa aka koma bin gida-gida ana tambayar iyalai yadda mamacin ya yi jinya. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya faɗi sakamakon: mutum 979 suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana ganin korona ce sila. Mafi yawansu dattawa ne, masu hawan jini ko ciwon suga. Masu haƙar kabari ne ma suka fara ɗaga murya kafin hukuma ta amsa cewa akwai matsala.

Nan wahalar take. Cutar tana yi wa saurayi sauƙi, ya ɗan yi mura, ya daina jin ƙanshi kwana kaɗan, ya warke. Wani ma ba zai ji komai ba. Sai ya ce ai ga shi ya yi ta yawo bai mutu ba. Amma ya shiga ya gaida kakarsa, ya zauna kusa da babansa wajen buɗa baki. Su ne ake kawo mana numfashi yana sarƙewa, ga iskar oksijin ba ta wadata ba. Sauro ba ya bi ta numfashin ɗan'uwanka, wannan kuwa ta nan take bi, shi ne bambancin.

Maganar Litinin da Alhamis kuma ina tare da kai. Tara mutanen birni guda su yi cefanen kwana uku cikin awa shida ba dabara ba ce, mu ma a asibiti mun yi ta faɗa a tsakaninmu. Sai dai kuskuren da aka yi a kasuwa bai mai da masallaci wurin da babu haɗari ba: ɗaki ne a rufe, kafaɗa da kafaɗa, sau biyar a rana, kuma dattawan da cutar ta fi kayarwa su ne a sahun gaba.

Ɗan Kwari:
Anti, Allah ya saka da alheri, amma ai Annabi (SAW) ya ce babu ɗaukar cuta. Mun ji wannan hadisin daga bakin malamai, ba mu muka ƙirƙira ba. Kuma wanda kwanansa ya ƙare ko a cikin ɗaki ya kulle kansa sai ya tafi.

Ustaz Bazazzage:
Malam Ɗan Kwari, hadisin ya inganta, yana cikin Buhari da Muslim. Amma wanda ya faɗe shi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce kada mai raƙuma marasa lafiya ya kai su cikin masu lafiya. Shi ne ya aika wa mai cutar kuturta da ya zo cikin tawagar Saƙifawa cewa mun karɓi mubaya'arka, ka koma. Shi ne ya ce idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan ta ɓarke kuna ciki kada ku fita. Malamai sun haɗa waɗannan tun da daɗewa: cuta ba ta da ikon kanta, Allah ne yake gudanar da ita, amma ya sanya cuɗanya ta zama sababi, kuma an umarce mu da kauce wa sababin.

Sayyidina Umar ya nufi Sham da jama'a, labarin annoba ya riske shi a hanya. Ya yi shawara da Muhajirai, ya yi da Ansaru, ya yi da dattawan Ƙuraishawa, sannan ya ce a juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah zai yi. Ya ce na'am, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Annobar Amwas ita ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, kuma da ragama ta koma hannun Amru ɗan Asi sai ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, aka samu sauƙi. Ibnu Abbas kuwa saboda ruwan sama da taɓo ya sa ladaninsa ya ce a yi salla a gida, ranar Juma'a. Idan taɓo ya isa uzuri, ina ga cutar da take kashe iyayenmu?

Sannan ku duba abin da ya faru a gaban idonmu. Saudiyya ta dakatar da Umara ga baƙi tun ƙarshen Fabrairu, a watan Maris ta dakatar da jam'i a masallatanta in ban da Harami biyu, kowa ya ga hoton wurin ɗawafi babu kowa. Hajjin shekarar mutane kaɗan ne daga mazauna ƙasar suka yi. A nan gida Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci da Jama'atu Nasril Islam sun nemi a bi umarnin masana lafiya.

Abin da nake gani shi ne, hujja tana nan, isar da ita ne ya gaza. Saurayin unguwa ba ya karanta takardar sanarwa daga Abuja ko Kaduna. Limamin masallacin layinsu yake saurara, da malamin da yake bi a waya. Waɗannan kuwa ba a kira su an zaunar da su da likitoci kafin a rufe masallatai ba. A rediyo suka ji kamar kowa. Wasu suka yi shiru cikin fushi, wasu suka hau mumbari suka ce makirci ne, kuma ko da wasunsu suka janye daga baya, sautin farko ya riga ya zaga wayoyi.

Bakatsine:
Allah ya gafarta malam, abin da ka faɗa a ƙarshe shi ya faru a wajenmu. A Kusada, ƙarshen Maris, an kama waɗanda suka yi sallar Juma'a, washegari matasa suka far wa ofishin 'yan sanda suka ƙona shi, har aka rasa rai. A lokacin ko mutum ɗaya ba a ce yana da cutar a jihar Katsina ba. Ka ga yaron da bai taɓa ganin mai korona ba, amma ya ga an tafi da wanda ya ja shi salla a motar 'yan sanda. Me kake zaton zai fahimta? Ba na kare ƙone-ƙone, ɓarna ce kuma haramun ce. Amma bayan kwanaki gwamnati ta sassauta ta bar Juma'a, sai ga labarin rasuwar likita a Daura, aka kulle Daura. Yau a rufe, gobe a buɗe, jibi a rufe. A Kaduna ma an kama limamai saboda Juma'a. Ni ina ganin ranar da aka sa ɗan sanda ya zama shi ne mai bayanin dokar, ranar aka rasa samari.

Ustaz Bazazzage:
Haka ne. Kuma kada a ɗauka kullum malamai ne a gefen buɗewa, gwamnati a gefen rufewa. A Kano da Gwamna Ganduje ya ba da damar Juma'a da Idi a tsakiyar Mayu, Majalisar Malamai ta jihar ce ta nuna rashin gamsuwa, ta ce lokaci bai yi ba. Wannan ba kasafai ake tuna shi ba.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum, ku ba ni wuri in kawo na Nijar, don abin kusan ɗaya ne. Mu ranar 19 ga Maris aka samu na farko. Gwamnatin Mahamadou Issoufou ta rufe masallatai, ta killace Yamai, ta sa dokar hana fitar dare daga ƙarfe 7 na yamma. Ku yi tunanin watan Afrilu a Yamai, zafin da ake yi, ga wuta tana ɗaukewa, a ce mutum ya shige ɗaki tun magariba. A Mirya nan kusa da mu tun ƙarshen Maris samari suka fito. A Yamai kuwa gab da azumi unguwanni irin su Lazare suka kama da ƙone tayu da jifa, aka kama mutane fiye da ɗari cikin 'yan kwanaki.

Abin da na lura da shi, yaran da suka fito ba duka ne masu cika sahun asuba ba. Akwai 'yan kabu-kabu, akwai masu shayi, akwai masu sayar da nama da dare, waɗanda dokar ta kashe wa sana'a. Masallaci shi ne abin da kowa zai iya taruwa a kansa ba tare da an ce masa ɗan adawa ba. Fushin na abinci ne da na yadda jami'an tsaro suke dukan mutane da dare, amma da sunan salla ya fito.

Kuma cutar ba ƙarya ba ce a wajenmu ma. Ministan ƙwadago, Mohamed Ben Omar, ita ta yi ajalinsa a farkon Mayu. Duk da haka ranar 13 ga Mayu aka buɗe masallatai, tun azumi bai ƙare ba, domin gwamnati ta ga ba za ta iya riƙewa ba.

Maman Biyu:
Duk kun yi magana a kan masallaci da kasuwa, babu wanda ya shiga cikin gida. Ni a matsayina na uwa ina so in tambaya: da aka ce saurayi ya zauna a gida, ina ne gidan? A gidan Bahaushe yaro in ya balaga ba ya wuni a tsakar gida. Akwai matan yayyensa, akwai matan 'yan haya, akwai kunya. A shago yake kwana ko a zaure, su huɗu su biyar da abokansa, abinci a miƙo masa, wanka ya yi sallama ya shiga ya fito. Dakalin ƙofar gida da majalisa su ne wurin zamansa. Wanda ya tsara dokar nan yana tunanin gida mai falo da ɗaki ga kowane yaro. Da jami'ai suka riƙa korar samari daga dakali da bulala, cikin shago suke komawa su cunkushe, ƙofa a rufe, babu iska. Anti Nas ki faɗa mana, wanne ya fi haɗari?

Ga ruwa. An ce a wanke hannu a kai a kai, mu kuwa a wajen 'yan garuwa muke saye, su ma an hana su fita.

Sannan a yi adalci, ba samari kaɗai ba ne. Mu mata mun je gidan suna, mun je gidan rasuwa mun zauna cinya da cinya, domin in ba ki je ba za a ce kin yanke zumunci. 'Yan mata masu talla sun ci gaba da zagawa lungu-lungu saboda da kuɗin tallan ake cefane. Su dai samari a titi suke, shi ya sa su kyamara ta ɗauka.

Kuma ban ji an yaba wa waɗanda suka yi abin kirki ba. A unguwarmu telolin samari ne suka ɗinka takunkumi suka raba, su suka ajiye bokiti da sabulu a bakin layi, su suka bi gidajen marayu da abincin buɗa baki.

Anti Nas:
Maman Biyu, dakali a sarari ya fi shago a rufe aminci nesa ba kusa ba. Daga baya bincike ya ƙara tabbatar da cewa a rufaffen wuri cutar ta fi yaɗuwa. Da an ce musu ku zauna a waje, ku ba da tazara, ku daina musabaha, kada ku shiga ɗakin tsofaffi, da an samu abin da za su iya bi.

Baba Alhaji:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta. Ni ina cikin waɗanda Anti take magana a kansu, kuma na rasa abokan zama a wancan watan, mutanen da muka taso tare. Saboda haka duk mai ce min babu korona, ina jin zafin maganar har cikin raina. Ɗan Kwari, ɗana, ka sassauta wannan furucin ko don iyalan da suka yi rashi.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaro ido yake sa wa babba. Ranar 18 ga Afrilu aka binne Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa na lokacin, a maƙabartar Gudu a Abuja, kwana biyu da kulle Kano, kowa ya ga cinkoson manya a talabijin, mutanen da suka sa hannu a dokar hana taro. Bayan watanni aka yi zaɓen gwamna a Edo da Ondo, filaye suka cika maƙil da 'yan siyasa. A watan Oktoba aka fasa rumbuna a Jos da Kaduna da Yola da wasu garuruwa, sai ga kayan tallafin korona jibge, alhali an gaya wa talaka ya yi haƙuri babu. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa da kanta ta ce a makonni biyun farko na kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18, lokacin da waɗanda aka tabbatar cutar ta kashe ba su kai haka ba.

Ga almajirai. Gwamnonin Arewa suka ce kowa a mai da shi jiharsa, aka loda yara a motoci ana tsallaka iyakokin da aka ce an rufe, aka sauke su a Kaduna da Jigawa, gwaji ya nuna da dama suna ɗauke da cutar. Dokar hana zirga-zirga ta hau kan ɗan kasuwa, ba ta hau kan wannan ba.

Ban ce wannan ya wanke wanda ya ɗauko cuta ya kai wa uwarsa ba. Kowa zai amsa nasa a gaban Allah. Amma wanda ya fi iko shi ya fi nauyin tambaya.

Ɗan Kwari:
Baba, Allah ya ƙara girma, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ban yi nufin taɓa zuciyar kowa ba. Amma ku fahimce mu. Mu 'yan Kano ne. A 1996 lokacin sanƙarau kamfanin Pfizer ya sa yara kusan 200 cikin gwajin maganin Trovan a garin nan, 11 suka mutu, wasu suka nakasa, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Da wannan labarin muka tashi. Sannan muka ga waɗanda aka killace a Gombe sun fito titi suna zanga-zangar rashin kulawa. Sannan aka kawo rigakafi a 2021, kafin shekara ta ƙare aka lalata fiye da miliyan ɗaya saboda wa'adinsa ya wuce. In mutum ya yi shakka bayan duk wannan, jahili ne?

Anti Nas:
Ba jahili ba ne, kuma duk ma'aikacin lafiyar da ya raina wannan shakkar bai san garin da yake aiki ba. Abin da ya faru a 1996 gaskiya ne, shi ya share fagen ƙin rigakafin shan inna a 2003. Amma ka bi labarin har ƙarshe. An dakatar da rigakafin a Kano kusan shekara guda, cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yaranmu ne suka shanye. Da aka dawo a 2004 ba da bulala aka dawo ba. An tura tawaga ta duba, an kawo maganin daga Indonesiya, gwamnan lokacin ya bari aka ɗiga wa 'yarsa a bainar jama'a. Daga baya aka sa sarakuna da hakimai da masu unguwanni a gaba, aka ɗauki matan unguwa su ne masu shiga gida-gida. An sha wuya, har an harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano a 2013. Amma ranar 25 ga Agusta 2020, muna tsakiyar korona, aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Abin da yake ba ni takaici ke nan. Muna da wannan hanyar a hannu, mun san tana aiki, mai unguwa ya san kowane gida, amma da korona ta zo sai aka fara da shinge da kulki.

Kuma maganar ba ta wuce ba. A ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, ya yi tsanani a 2023, Kano ce ta fi ko'ina yawan masu shi, mafi yawansu yaran da ba a kammala musu rigakafi ba. Shakkar da aka bari ba a amsa ba a 2020 ita muka tarar a ƙofar gidaje.

Ɗan Kurna:
Anti, ni duk na yarda da bayaninki, da na Ustaz. Amma ko gobe aka sake kulle gari ba a kawo abinci ba, zan fita. Ba taurin kai ba ne. An ce an raba naira dubu 20 ga talakawa, a layinmu ban san wanda ya samu ba. In ana so in ajiye mashin, a gaya wa mai shi ya ɗaga min balas, a kawo wa tsohuwata awo ta hannun wanda ya san ƙofar gidanmu. Takunkumi kuwa da rage fasinja, wannan zan iya, na ma yi a lokacin.

Malam Ɗan Gwale:
Ustaz, tambaya gare ka kafin a ci gaba. Zakka da sadakar azumi da ake fitarwa a garin nan ba kaɗan ba ne. Me ya hana kwamitocin masallatai su zama su ne masu rabon a lokacin, tunda su suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba?

Ustaz Bazazzage:
Wasu sun yi, amma kowa da nasa, babu tsari. Yawancin masallatanmu na unguwa ba su da ko rajistar gidajen da ke kewaye da su, kuɗin da ake tarawa na man janareta ne da gyaran lasifika. Da aka rufe ƙofa sai asusun ma ya tsaya, har limamai da ladanai da yawa suka shiga halin da Ɗan Kurna yake faɗa, tunda da abin da jama'a ke miƙa musu suke rayuwa. Wannan ma yana cikin abin da ya sa wasu suka matsa a buɗe, ko da ba a faɗa a fili ba. Malamai sun halatta gaggauta fitar da zakka kafin lokacinta idan buƙata ta tsananta, ƙofa a buɗe take. Rubuta sunayen gidajen ne aikin da ba ya jiran annoba.

Baba Alhaji:
Ina cikin kwamitin masallacinmu, zan kai maganar rajistar nan zama na gaba. Ɗan Kurna, irinku muke buƙata a ciki, ku kuka san lungu. Dattawa kaɗai ba za su iya ba.

Ɗan Kwari:
Maganar rufe masallaci dai ban sauka daga ra'ayina ba, ina ganin da an bar shi a buɗe da tazara a harabar waje da an fi samun haɗin kai. Amma Anti, wannan mashaƙon, yaron da ya wuce shekara biyu ba a yi masa ba, ya makara? Akwai 'ya'yan yayana.

Anti Nas:
Bai makara ba. A ƙa'ida ana yi wa jariri sau uku, a mako 6 da 10 da 14, cikin allurar nan da take haɗe da rigakafin cututtuka biyar, kuma kyauta ce a asibitin sha-ka-tafi na gwamnati. Wanda ya wuce wannan shekarun akwai wadda ake yi masa daidai da shekarunsa. A tafi da katinsu in akwai, in babu a gaya wa ma'aikaciyar gaskiyar abin da aka yi da wanda ba a yi ba. In kuma yaro ya kama zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, wuyansa ya kumbura, ko aka ga wani farin abu ya lulluɓe can cikin maƙogwaron, kada a tsaya kemis ko a kai shi a cire beli, a wuce asibiti a ranar, sauran yaran gidan kuma a raba musu kofi da wurin kwana.